Yatsun Jibrin

Jibrin ya ƙara lambar saurin bugu da ke fuskar wayarsa daga ɗari da hamsin da shida zuwa ɗari da sittin, ya mayar da abin sauraro cikin kunnuwansa biyu, ya gyara zaman jitar a cinyarsa. Bugun ya fara: ƙas, ƙas, ƙas, ƙas. Tsakanin kowane bugu da na gaba, sauti huɗu ake so. Yatsunsa na hagu suka haura daga tsirkiya mai kauri zuwa siririya, suka sauko, suka zame gaba. Hannun dama na tafiya ƙasa-sama, ƙasa-sama, riƙe da 'yar robar da ya yanka daga jikin tsohuwar jarkar mai. Jerin hawa da sauka biyar ya haddace, yana kiransu tsani. Bai tsaya ba sai da ya gama na biyar.

A ɗakin ajiya yake, zaune a kan buhun masara. Bayan bangon akwai zauren yayansa, Malam Abdulganiyu, inda magidanta goma sha biyu ke ɗaukar karatu kowace safiya. Babu wanda ya ɗaga kai a cikinsu. Jitar ta lantarki ce, irin wadda ba ta da murya sai an jona ta da lasifika, kuma Jibrin ba shi da lasifika. Duk da haka ya saƙa yankin tsohon ɗankwali a tsakanin tsirkiyoyin shida ya ɗaure tam, don ko ɗan ƙarar da ke fita ya mutu. Malam bai taɓa hana shi kiɗa ba. Bai san akwai abin hanawa a gidan ba.

Wata goma sha ɗaya ke nan. Ya fara daga sittin.

Matarsa Hamdiyya ta turo ƙofa da kofin koko da tabarma a hammata.

"Baban Ilham, sha ka tashi, motar takwas ba ta jiran mawaƙa."

"Makaɗi dai."

"To, makaɗi. Miƙo amaryar taka in naɗe ta."

Ita ce ta ɗauke shi bidiyo makonni biyu da suka wuce, na daƙiƙa talatin, babu abin da ake ji a ciki sai kukan zakara. Ta tura wa ƙanwarta a Tudun Wada, bidiyon ya yi ta yawo har ya isa wayar Hajiya Hasiya, mawaƙiyar da ke cika filin biki daga Bebeji zuwa Doguwa. Hajiya na neman mai jita kafin bukukuwan gab da azumi. Za ta ɗauki mutum ɗaya, kuma ranar Asabar za a fara, a Doguwa. Ta aiko a ce ya zo yau Laraba a gwada shi.

Ya ratsa zauren da tabarmar a kafaɗa, ya durƙusa ya gaida Malam.

"Ina zuwa da tabarma da sassafe?"

"Kwanar Dangora, Yaya Malam. Wani aiki aka kira ni."

"Madalla. Allah ya sa a dace. Na ga injinan naku sun yi ƙaranci."

Gaskiya ne. Shekara goma sha bakwai Jibrin na gyaran injinan ban ruwa a Kiru. Tun da fetur ya yi tsada masu lambu suka koma sola, wadda ba ta da filogi balle kafireta. A watan jiya inji uku aka kawo masa. Shekarunsa talatin da takwas, ya kuma san ba za a sake aiko masa da irin wannan kira ba.

Situdiyon Hajiya wani shago ne a bayan tasha, an manna kwalayen ƙwai a bangonsa. A bakin ƙofa janareta na aiki. Jibrin ya ɗan karkata kai yayin da yake cire takalmi.

"Filogin nan ya kusa mutuwa," ya ce bayan an gaisa.

Saurayin da ke gaban kwamfuta ya juyo. Shi ne Mu'azu, mai fiyanon Hajiya kuma mai haɗa mata waƙoƙi. "Daga ji kawai?"

"Yana tsallake bugu ɗaya a cikin goma."

"Hajiya, kin ji kunne. Injiniya aka aiko mana."

Hajiya Hasiya na zaune a kujerar roba tana ɓare gyaɗa a cikin mayafinta. Mace ce mai jiki, ta haura hamsin, da tabarau a goshi. "Ni ba janareta na kira shi ya duba ba. Malam Jibrin, warware mu gani."

Ya warware tabarmar. Mu'azu ya karɓi jitar, ya juya ta, ya tsaya a kan ƙullin ɗankwalin.

"Wannan fa? Laya ce?"

"Saboda maƙwabta."

Mu'azu ya kwance shi ya ajiye a kan tebur, ya soka waya a gindin jitar, ya murɗa wani maɓalli. Lasifikar ta yi gurnani. Ya ja babban yatsansa a kan tsirkiyoyin shida, ya yamutsa fuska.

"Yaushe rabonka da saita ta?"

"Wanda ya sayar mini ya saita."

"Yaushe?"

"Bara."

Mu'azu ya dubi Hajiya. Ita kuwa ta ci gaba da ɓare gyaɗarta. Minti biyar ya ɗauka yana murɗa kunnuwan jitar yana gwadawa da fiyano, sannan ya miƙa masa.

"Wane sauri kake so?"

"Ɗari da sittin."

"A'a! To, bismilla."

Bugun ya fito daga kwamfuta. Jibrin ya ƙirga huɗu a zuci, ya shiga tsani na farko.

Abin da ya fito ya yi kama da kwanukan da suka zubo daga kanta. Akwai ƙara, akwai kaushi, akwai wani zuuu da bai yanke ba daga tsirkiyoyin da ko taɓa su bai yi niyya ba. Sautukan da yake nufi suna ciki, amma a shaƙe, rabinsu sun mutu kafin su fito. Wani mai shayi da ke wucewa ya leƙo ta ƙofa ya koma.

Jibrin ya tsaya a tsakiyar tsani na biyu. Ya dubi lasifikar. Ya dubi wayar da ke kwance a ƙasa.

"Wayar nan ta tsinke a ciki," ya ce.

"Sabuwa ce."

"To lasifikar ce."

Mu'azu bai yi musu ba. Ya karɓi jitar ya ɗora a gwiwa. "Ni ba makaɗin jita ba ne, ka sani." Ya lalubi wuri da yatsa ɗaya, ya danna, ya kaɗa. Sauti ɗaya ya fito, tas, ya cika shagon, ya daɗe kafin ya ɓace. Ya ƙara uku a hankali, kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu. Ya mayar masa da ita.

Jibrin ya sake gwadawa. Kwanukan suka sake zubowa. Ya gwada na uku. A wannan karon bai kalli hannunsa ba, lasifikar ya zuba wa ido har ya gama tsani biyar, domin bai san yadda ake tsayar da hannun ba idan ya ɗauki hanya. 

"Innalillahi," ya ce a hankali. "Ba haka take yi ba."

"A ina take yin daban?" in ji Mu'azu.

Jibrin ya buɗe baki zai ce a gida. Bai faɗa ba. A gida kunnuwansa biyu a toshe suke da ƙas-ƙas ɗin waya. Abin da yake ji kowace safiya, mai tsabta, mai gudu kamar ruwan famfo, na mutumin cikin bidiyo ne da yake koyo a wurinsa. A cikin kansa yake jinsa.

"Mu rage," in ji Mu'azu. "Tamanin."

A tamanin abin ya fi muni. Yatsun suka ƙi jira. Suna isa wuri kafin bugun, su tsaya, su rikice, su sake zabura. Jibrin ya ga hannunsa na hagu yana yin abin da bai sa shi ba, kamar hannun wani.

Mu'azu ya riga ya naɗi gwajin farko. Ya jawo kujera. "Zo ka gani, Injiniya." A fuskar kwamfutar akwai wani dogon zane mai ƙaya-ƙaya. Ya ja shi ya buɗe, ya kunna a hankali sau huɗu. "Ka ji wannan ƙwas ɗin? Robar ce ta bugi tsirkiya. Ka ji wannan? Yanzu yatsan ya iso. Dama na riga hagu da ɗan kaɗan, a kowane sauti, ba ya kuskurewa. Sannan kana taɓa tsirkiya ne, ba ka danna ta har ƙasa. Waɗanda ba ka bugawa kuma ka sake su suna ta kuka, don da can tsummanka ke riƙe maka su."

Jibrin ya saurara. Ya san wannan ciwon. Ya sha jinsa a bakin lambu tun kafin ya sauka daga babur.

"Tayimin ya goce," ya ce, kamar inji mai ba da wuta kafin lokaci.

"Yawwa. Kai ka faɗa da bakinka."

"Tun yaushe?"

"Ni zan sani? Wataƙila tun ranar farko. A bidiyo ka koya, ko? Shi malamin naka bai ce ka riƙa saurare ba?"

"Turancinsa da sauri. Inda yake surutu nakan wuce, in je inda hannu yake. Kuɗin data."

Mu'azu ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya daina.

"Gyaran kwana nawa zai ci?"

"Kwana? Malam Jibrin, sittin za ka koma. Sauti ɗaya-ɗaya, kana ji da kunnenka, kullum. Wata shida in ka yi sa'a. Wanda bai taɓa riƙe jita ba zai iya riga ka, don shi ba sai ya tsaya mantawa ba."

Jibrin ya zauna da jitar a cinya. A waje janareta na tsallake bugunsa ɗaya a cikin goma, yana jinsa sarai. Ya miƙa hannu zai ɗauki tabarmarsa.

"Dakata," in ji Hajiya. Ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa, ta sauko da tabarau kan hancinta. "Mu'azu, kashe masa lasifikar. Bar bugun kawai. Malam Jibrin, tashi tsaye. Rataya ta. Sake yi mini wancan na farko."

"Hajiya, ai kin ji."

"Na ji. Yanzu gani zan yi."

Ya tashi ya yi. Babu ƙara, sai ɗan tsik-tsik da janareta ya haɗiye. Kafaɗunsa suka sauka da kansu. Yatsun suka bi wuyan jitar suka dawo, a jere, kowanne a kan bugunsa, ɗan ƙaramin yatsan ma bai tashi sama da kaurin ashana ba. Hajiya ta ɗaga wayarta tana ɗauka, ta matso, ta koma baya.

"Tabarkalla," ta ce. "Mu'azu, ka taɓa ganin hannu irin wannan?"

"Ko a Kano ban gani ba."

"To yi abin naka."

Mu'azu ya sake kunna lasifikar. "Zauna. Sauti ɗaya za ka ba ni. Danna nan, da ƙarfi, har ya yi maka zafi. Tafin hannunka na dama ya kwanta a kan sauran. Kaɗa."

Sai a gwaji na shida ya fito da kyau. Suka koma na gaba. Sauti goma sha biyu Mu'azu ke so, suka ɗauki minti arba'in. Kan yatsun Jibrin, da suka saba da sifana da ƙarfe mai zafi, suka yi jajur, tsirkiya ta bar musu layi.

Daga nan Mu'azu ya juya ga kwamfutarsa. Ya yanka, ya jera, ya kwafa, ya manna. Bai kai minti uku ba. Ya kunna sabuwar waƙar Hajiya: kalangu, fiyano, muryarta tana kiran dangin ango. A ƙarshen baiti na biyu muryar ta ja baya, jita ta shigo.

Jibrin ya miƙe tsaye bai sani ba. Shi ne. Shi ne abin da yake ji a ɗakin ajiya wata goma sha ɗaya: hawa da sauka a ɗari da sittin, kowane sauti a ware kamar ƙwayar masara a jikin goyo. Tsigar jikinsa ta tashi. Da ya duba ƙasa sai ya ga yatsunsa na bin abin a kan jitar, daidai, ba su saɓa ba ko sau ɗaya.

"Kun gani?" in ji Hajiya. "Kamar tare aka haife su."

Mu'azu ya kashe. "Ga yadda za a yi. Za mu soka waya a jikin jitarka, ɗaya bakin mu cusa shi bayan akwatin kaya. Waƙa na tafiya daga nan, kai kana tsaye kusa da Hajiya. In wurinka ya zo, ka matso gaba, mai bidiyo ya ɗauki hannun."

"Ba za a jona ba."

"Ba za a jona ba."

"Mutane za su ɗauka ni ne."

"To wane ne? Jitarka ce, yatsanka ne ya danna, ga layin nan ban goge maka ba. Ni jerawa kawai na yi."

Jibrin ya dubi kan yatsunsa. "In wuta ta ɗauke a tsakiyar waƙa fa?"

"In wuta ta ɗauke kowa shiru zai yi. Har Hajiya."

"Kai, ɗan nema, kama bakinka," in ji Hajiya, ba tare da fushi ba. Ta juyo ga Jibrin, ta ga yadda yake kallonta. "Mene ne? Shekara shida rabon da in buɗe murya a filin biki. Maƙogwaron ya tafi tun wani azumi. A nan nake rerawa kaɗan-kaɗan, Mu'azu ya haɗa. Ina riƙe makirufo, ina motsa baki, ina nuna uwar amarya da yatsa. Ka taɓa jin wanda ya tashi ya tafi?"

Jibrin ya taɓa tsayawa a bayan taro a Kiru, shekara biyu da suka wuce, yana jin wannan muryar har idonsa ya kawo ruwa. 

"Biki tara na karɓa kafin a ga wata," ta ci gaba. "Masu iya bugawa a hankali suna nan, biyu sun zo, kamar masu tsinar tsakuwa a shinkafa. Ba su nake so ba. Kai nake so. Amma ba na roƙo. Ga azahar ana kira, je ka yi salla ka dawo ka ba ni amsa."

Ya yi alwala a bakin masallacin tasha. Ruwan ya yi masa zafi a kan yatsu huɗu. Ya bi jam'i, ya yi nafila, ya zauna har masallacin ya kusa watsewa. Wani dattijo a gefensa ya tambaye shi ko lafiya, ya ce lafiya lau.

Da ya koma, Hajiya na waya da wani a kan rumfuna. Ya jira ta gama.

"Ranki ya daɗe, ƙarfe nawa motar za ta tashi ranar Asabar?"

"Goma. Ka zo da farar shadda, in kana da ita. Ka yanke farce."

Mu'azu ya tura masa waƙoƙi huɗu a waya don ya san wuraren shigarsa. Sannan ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wata 'yar lasifika mai batir, girman bulo, da ƙura a kanta.

"Ba na amfani da ita. Tafi da ita, ka riƙa yin na gaskiyar a gida, ko rabin awa da safe. Ba a sani ba, nan da baɗi."

Jibrin ya karɓa. Ba ta da nauyi. Ya murɗa maɓallin zuwa mafi ƙanƙanta, ya kaɗa tsirkiya ɗaya. Ko a hakan, sautin zai ratsa bangon laka ya isa zaure. Ya riƙe ta na ɗan lokaci, sannan ya mayar da ita ƙarƙashin teburin.

"Bari dai tukuna," ya ce.

"Yadda ka gani, Injiniya. Filogin fa?"

"Zan taho da sabo."

A tasha motar Kiru saura mutum uku ta cika. Ya samu wuri a baya, ya tsayar da tabarmar a tsakanin ƙafafunsa. Wayarsa ta yi ƙara. Hamdiyya ce.

"Baban Ilham, tun ɗazu nake riƙe da waya. Yaya?"

"Sun ɗauke ni."

Ta yi guɗa, ta katse ta a tsakiya, da alama ta tuna da zaure. Ta koma raɗa. "Alhamdulillahi! Me Hajiyar ta ce?"

"Ta ce ba ta taɓa ganin hannu irin nawa ba."

"Ai na faɗa maka! To wallahi da ni za a je Doguwa. Zan ce wa Yaya Malam bikin 'yan uwa ne, in tafi da Ilham mu kwana wurin ƙanwata. A gaba zan zauna. Wata goma sha ɗaya ina kallon hannu, ranar Asabar sai na ji mijina da kunnena."

Mutum na ƙarshe ya shigo, aka ja ƙofa. Direba ya tayar da mota.

"Kana ji na?"

"Ina ji," in ji Jibrin. "Zan sa a ajiye muku kujera."